Benjamin Breckinridge Warfield

Benjamin Breckinridge Warfield, wanda aka fi sani da B. B. Warfield (an haife shi ranar 5 ga watan Nuwamba, 1851, ya rasu ranar 16 ga watan Fabrairu, 1921), malamin tauhidin Kirista ne ɗan ƙasar Amurka, kuma fasto a Ikilisiyar Firesbiteriya. Ya koyar a Makarantar Tauhidi ta Princeton da ke jihar New Jersey daga shekarar 1887 har ranar da ya rasu. An fi tunawa da shi saboda rubuce-rubucensa a kan akidar hurewar Nassi, wato imanin Kiristoci cewa Littafi Mai Tsarki hurarre ne daga Allah. Matsayinsa shi ne, kowace kalma ta littafin maganar Allah ce, kuma a lokaci guda maganar mutumin da ya rubuta ta ce, sannan babu kuskure a cikin rubutun asali da ya fito daga hannun marubutan. Magoya bayansa suna ganin abin da Ikilisiya ta gada tun zamanin manzanni ne ya fayyace. Masu sukarsa kuwa suna cewa ya tsananta akidar fiye da yadda magabata suka ɗauke ta. Har yau ana wannan muhawara a tsakanin Furotesta.

Asali da ƙuruciya

An haifi Warfield a gonar iyayensa kusa da birnin Lexington a jihar Kentucky. Mahaifinsa, William Warfield, mai dukiya ne da ya yi suna wajen kiwon shanu da inganta irinsu. Mahaifiyarsa, Mary Cabell Breckinridge, ta fito daga gidan da ya daɗe yana taka rawa a siyasa da addini a Amurka. Mahaifinta, Robert Jefferson Breckinridge, babban mai wa'azi ne na Firesbiteriya wanda ya tsaya tare da gwamnatin Shugaba Lincoln a lokacin yaƙin basasar ƙasar. Wani ɗan'uwanta kuma, John C. Breckinridge, ya yi mataimakin shugaban ƙasa, daga baya ya zama janar a rundunar 'yan awaren kudu. Warfield yana ɗan shekara tara aka fara wannan yaƙi a 1861, yaƙin da ya raba danginsa gida biyu.

An yi masa tarbiyyar addini tun yana ƙarami. Bisa abin da ƙanensa Ethelbert ya bayar, yana kimanin shekara shida ya haddace ƙaramin katekizim na Westminster, littafin koyar da addini mai tambayoyi da amsoshi 107. Duk da haka ba aikin coci ne burinsa na farko ba. Lissafi da kimiyya suka fi jan hankalinsa, kuma ya karanta littattafan Charles Darwin tun yana saurayi. Yaron da ya tashi yana ganin yadda ake zaɓen bijimi da saniya don a samu irin ɗan maraƙin da ake so, batun gadon halitta ba baƙon abu ba ne a wurinsa.

Karatu da aure

A 1868 ya shiga Kwalejin New Jersey, wadda ita ce Jami'ar Princeton ta yanzu, a shekarar da James McCosh ɗan Sikotland ya zama shugabanta. Ya kammala a 1871 da sakamako mafi daraja. Ya tafi Turai a 1872, kuma daga garin Heidelberg na Jamus ya sanar da iyayensa cewa ya yanke shawarar shiga hidimar Ikilisiya, abin da ya ba su mamaki. Da ya dawo gida ya ɗan yi aiki a wata jaridar manoma ta Lexington yana kula da shafin dabbobi, kafin ya shiga Makarantar Tauhidi ta Princeton a 1873. A can ya yi karatu a gaban Charles Hodge, dattijon malamin da ya gama wallafa babban littafinsa na tauhidi mai juzu'i uku a daidai wannan lokaci. Warfield ya kammala a 1876.

A watan Agusta na wannan shekara ya auri Annie Pearce Kinkead, 'yar Lexington, suka wuce Jamus tare, inda ya yi karatu a Jami'ar Leipzig. Labarin da ya yaɗu a tsakanin ɗalibansa shi ne, wata guguwa mai tsawa ta rutsa da su suna yawo a tsaunukan Harz, kuma daga nan lafiyar Annie ba ta sake daidaita ba. Masu bincike na baya sun nuna cewa rashin lafiyar ya yi ta ƙaruwa ne sannu a hankali, sai a shekarun 1890 ya kai ga tsare ta a gida. Ba su haihu ba. Warfield shi ya yi jinyarta har ta rasu a 1915, yana karanta mata littafi kullum, kuma da wuya ya bar gida fiye da awa biyu a lokaci guda. Wannan ya shafi irin aikin da ya yi. Bai zama mai yawon taruka da kwamitocin Ikilisiya kamar sauran manyan malamai ba. Yaƙinsa duka da alƙalami ya yi shi, daga ɗakin karatunsa.

Fara koyarwa da nazarin tsofaffin kwafe-kwafe

Bayan ya yi mataimakin fasto na ɗan lokaci a Baltimore, a 1878 aka ɗauke shi koyar da Sabon Alkawari a Makarantar Tauhidi ta Western da ke Allegheny, jihar Pennsylvania. An naɗa shi fasto a 1879. Ya yi shekara tara a can.

Fagen da ya fara yin suna a cikinsa shi ne kwatanta tsofaffin kwafe-kwafen Sabon Alkawari na Girkanci da aka rubuta da hannu, don gano lafazin da ya fi kusa da na asali. Kafin zuwan injin ɗab'i a ƙarni na 15, da hannu ake kwafar littafin, kuma masu kwafa sukan tsallake layi, su maimaita kalma, ko su shigar da bayanin gefen shafi cikin matani. A 1881 malaman Ingila biyu, Westcott da Hort, suka fitar da sabon matanin Girkanci da ya dogara da kwafe-kwafe mafi tsufa. Masu ra'ayin riƙau da yawa sun ƙi shi, amma Warfield ya karɓe shi. Har ma ya rubuta cewa ayoyi goma sha biyu na ƙarshen Bisharar Markus, wato 16:9 zuwa 20, ba sa cikin abin da Markus ya rubuta, domin ba su cikin manyan kwafe-kwafe biyu na ƙarni na 4. A 1886 ya wallafa littafin gabatarwa a wannan fanni, An Introduction to the Textual Criticism of the New Testament. Wanda bai san wannan ɓangare na rayuwarsa ba zai yi wuya ya gane dalilin da ya sa kullum yake ɗaure maganar rashin kuskure da rubutun asali. Mutum ne da ya san da idonsa cewa kwafe-kwafen sun saɓa wa juna a wurare da dama.

Maƙalar 1881

A ƙarni na 19 jami'o'in Jamus sun ɓullo da wata hanyar nazarin Littafi Mai Tsarki da ke ɗaukarsa kamar kowane tsohon littafi, tana tambayar wa ya rubuta, yaushe, kuma daga waɗanne majiyoyi. A 1878 Julius Wellhausen ya fitar da littafin da ya ce littattafai biyar na farko, waɗanda aka saba dangantawa da Musa, an harhaɗa su ne daga rubuce-rubuce daban-daban ɗaruruwan shekaru bayan zamaninsa. A Sikotland, William Robertson Smith ya bayyana irin waɗannan ra'ayoyi a cikin kundin Encyclopaedia Britannica, aka yi ta shari'a da shi a cocinsa har aka cire shi daga kujerar koyarwa a Aberdeen a 1881.

Firesbiteriyan Amurka sun san guguwar tana tafe. Mujallarsu, Presbyterian Review, wadda aka kafa a 1880, editoci biyu gare ta: Archibald Alexander Hodge na Princeton, ɗan Charles Hodge, da Charles Augustus Briggs na Makarantar Tauhidi ta Union a New York, wanda ya yi karatu a Berlin kuma yana tare da sabuwar hanyar. Suka amince a buga jerin maƙaloli daga ɓangarorin biyu. Ta farko ta fito a watan Afrilu na 1881 da taken Inspiration, wato hurewa. A. A. Hodge da Warfield ne suka rubuta ta tare, Warfield bai cika shekara talatin ba.

Maƙalar ta bambanta wahayi da hurewa. Wahayi shi ne Allah ya sanar da mutum abin da ba zai iya sani da kansa ba. Hurewa kuwa ita ce kulawar Ruhu Mai Tsarki a kan marubuci yayin da yake rubutu, ko abin da yake rubutawa daga wahayi ya zo, ko daga binciken kansa, ko daga abin da ya gani da ido. Sun ce wannan kulawa ta kai har ga kalmomi, domin ba a raba tunani da kalmomin da ke ɗauke da shi. Sai suka gindaya sharuɗɗa uku ga duk mai son tabbatar da kuskure a Nassi. Dole ya nuna cewa maganar tana cikin rubutun asali, ba mai kwafa ne ya shigar da ita ba. Dole ya nuna cewa ma'anar da ya ba ta ita ce marubucin ya nufa. Dole kuma ya nuna cewa wannan ma'ana ta ci karo da wata gaskiya tabbatacciya ta tarihi ko kimiyya, ko da wani nassin, ta yadda babu hanyar daidaita su. Sun kuma yarda a fili cewa marubutan ba masana komai ba ne, sukan cika lissafi zuwa adadi mai sauƙi, sukan kawo ma'anar magana ba lafazinta ba, sukan yi zancen rana da ƙasa kamar yadda ido ke gani, kuma Girkancin wasunsu ba mai santsi ba ne. A wurinsu babu ko ɗaya cikin waɗannan da yake kuskure.

Sharaɗi na farko shi ya fi jawo surutu. Ba wani rubutun asali na kowane littafi cikin Littafi Mai Tsarki da ya rage a duniya. Masu suka suka ce to ai an ɓoye akidar a inda hannu ba zai kai ba, tunda duk kuskuren da aka nuna ana iya ɗora shi kan mai kwafa. Amsar Warfield ita ce, takardar ce ta ɓace, matanin bai ɓace ba, domin ana iya dawo da kusan dukkansa ta hanyar kwatanta kwafe-kwafe. Ya kuma ce duk mai gyara kuskuren ɗab'i a littafi ya riga ya yarda akwai bambanci tsakanin abin da marubuci ya rubuta da abin da ya iso hannun mai karatu. Amsar tana da ƙarfi a kan ƙananan saɓani na lambobi da sunaye. Ƙarfinta yakan ragu a wuraren da kwafe-kwafe mafi inganci suka haɗu a kan lafazin da ake tuhuma, kamar Matiyu 27:9, inda aka ambaci Irmiya alhali maganar ta fi kama da ta Zakariya. A irin waɗannan wurare sai a koma ga sharaɗi na biyu da na uku.

Akidarsa a kan hurewa

A. A. Hodge ya rasu a 1886, aka kira Warfield ya gaje kujerarsa a Princeton a 1887. Daga nan ya ci gaba da faɗaɗa batun a maƙaloli masu yawa, har zuwa wadda ya rubuta wa kundin International Standard Bible Encyclopaedia a 1915, wadda ake ɗauka a matsayin cikakken bayaninsa.

Tushen hujjarsa ba duba kowace aya ba ne don a ga ko tana da kuskure. Ya fara ne da tambayar yadda Yesu da manzanni suka ɗauki Nassi. A maƙalarsa ta 1893, The Real Problem of Inspiration, ya ce idan an yarda da su a matsayin amintattun malaman addini a kan tashin matattu da gafarar zunubi, babu dalilin ƙin yarda da su a kan abin da suka koyar game da Nassi. Wanda ya ƙi wannan koyarwa, a ganinsa, amincin manzannin gaba ɗaya ya taɓa. Abubuwa masu wuyar daidaitawa kuma sai a ɗauke su matsalolin da ake ci gaba da bincike a kansu, kamar yadda masanin kimiyya ba ya watsar da ka'ida tabbatacciya don wasu 'yan abubuwa ba su shiga cikinta ba tukuna. Wani abin da masu karatunsa kan manta shi ne, ya ce hurewa ba ita ce tushen addinin Kirista ba. Ko da a ce Bisharu littattafan tarihi ne amintattu kawai, ba hurarru ba, a ganinsa addinin zai tsaya da ƙafarsa.

Ya tsaya sosai a kan kalma guda ta Girkanci, theopneustos, wadda sau ɗaya tak ta zo a Sabon Alkawari, a wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti 3:16. An gina ta daga kalmar Allah da kalmar numfashi ko hurawa. Masanin ƙamus ɗan Jamus, Hermann Cremer, ya fassara ta da cewa Nassi yana fitar da ruhun Allah ga mai karatu, kamar yadda fure ke fitar da ƙamshi. A 1900 Warfield ya rubuta doguwar maƙala yana bin kalmar a sauran rubuce-rubucen Girkanci na dā, ya kammala da cewa asalin Nassi take nufi, ba tasirinsa ba. Nassi abu ne da numfashin Allah ya samar, kamar yadda Zabura ta 33 ta danganta halittar rundunar sama ga numfashin bakinsa. Har ya ce kalmar Latin da Turanci ya gada ba ta dace sosai ba, domin tana ba da hoton littafin mutum da aka hura wa wani abu a ciki daga baya, alhali Girkancin fitar numfashi yake nufi. Ya haɗa wannan da wasiƙar Bitrus ta biyu 1:21, wadda ta kwatanta annabawa da mutanen da Ruhu ya ɗauka, da kuma Yahaya 10:35, inda Yesu ya kafa hujja da kalma guda ta Zabura.

Wata hujjar da ya tattara a 1899 ta fi waɗannan sauƙin ganewa. Marubutan Sabon Alkawari sukan musanya Allah da Nassi a matsayin mai magana. A Romawa 9:17 Bulus ya sa Nassi ne yake yi wa Fir'auna magana, alhali a littafin Fitowa Allah ne ya aiko da maganar. A Galatiyawa 3:8 Nassi ne ya yi wa Ibrahim albishir, tun kafin a rubuta ko layi ɗaya na Nassi. Ta ɗaya gefen kuma, a Matiyu 19 Yesu ya danganta wa Mahalicci maganar aure da ke Farawa 2:24, wadda a asali bayanin marubucin littafin ce, sannan Ibraniyawa 3:7 ta ba Ruhu Mai Tsarki kalmomin Zabura ta 95. Warfield ya ce irin wannan ɗabi'a ba ta zuwa sai ga mutanen da a zuciyarsu faɗar Nassi ita ce faɗar Allah. Ya taɓa kwatanta mai ƙoƙarin kauce wa waɗannan nassoshi ɗaya bayan ɗaya da mutumin da dutse ya zaftaro masa, yana lissafin yadda zai goce wa kowane tsakuwa, ya manta cewa tare suke gangarowa.

An sha zarginsa da koyar da shifta, wato Allah yana faɗa marubuci yana rubutawa kamar magatakarda. Ya ƙaryata wannan sau da yawa. A maƙalar 1894, The Divine and Human in the Bible, ya ce kuskure ne a raba littafin kashi biyu, wannan na Allah wancan na mutum, kamar duk abin da aka ƙara wa ɗaya an rage wa ɗayan. Aikin biyun tare yake gudana a kowace jimla. Luka ya yi bincike ya tambayi shaidu, Dawuda ya yi kuka daga cikin damuwarsa, Bulus ya yi gardama da zafin halinsa, kuma duk wannan nasu ne na gaske. Da aka ce ai haske in ya ratsa tagar gilashi mai launi dole ya ɗauki launin gilashin, haka maganar Allah za ta gurɓata da halin marubuci, sai ya juya misalin. Ya ce a tuna maginin ne ya zaɓi gilashin ya jera shi don ya samu ainihin launin da yake so a cikin ginin. Idan Allah yana son wasiƙu irin na Bulus, sai ya shirya Bulus tun daga haihuwa, da iyayensa, da garinsu Tarsus, da karatunsa. A nan akidarsa ta hurewa ta jingina da akidar Calvin cewa Allah yana tafiyar da komai ba tare da ya mai da mutum gunki ba. Wanda bai karɓi wannan ba, da wuya ya karɓi waccan yadda Warfield ya tsara ta.

Rikicin Briggs

A 1889 Warfield ya zama abokin aikin Briggs a editancin Presbyterian Review. Ba su jitu ba, musamman a kan yunƙurin yi wa Shaidar Bangaskiya ta Westminster kwaskwarima, wanda Warfield ya ƙi. Mujallar ta mutu a wannan shekara. A 1890 Warfield da abokansa suka kafa Presbyterian and Reformed Review, ya riƙe ta sama da shekara goma, kafin ta koma Princeton Theological Review a 1903.

Ranar 20 ga Janairu, 1891, Briggs ya yi jawabin kama sabuwar kujera a Union. Ya ce hanyoyi uku ne Allah yake magana da iko ta cikinsu: Littafi Mai Tsarki, Ikilisiya da hankali. Ya lissafa akidar hurewar kalmomi da ta rashin kuskure cikin shingayen da ke hana mutane isa ga littafin, ya ce akwai kurakurai a ciki da ba wanda ya iya kawar da su, kuma Musa bai rubuta littattafai biyar ba, Ishaya bai rubuta rabin littafin da ke ɗauke da sunansa ba. Babban Taron Ikilisiya na 1891 ya ƙi amincewa da naɗinsa. Na 1892, da aka yi a Portland ta jihar Oregon, ya zartar cewa rubutun asali ba shi da kuskure, kuma faston da ya daina yarda da haka ya kamata ya ajiye aiki. Majalisar ikilisiyoyin yankin New York ta wanke Briggs, amma Babban Taron 1893 a Washington ya soke hukuncin ya dakatar da shi. Makarantar Union ta zaɓi ta yanke alaƙa da Babban Taron ta riƙe malaminta, shi kuma ya koma Ikilisiyar Episkofal, inda aka naɗa shi firist a 1899. Warfield ba shi ya gabatar da ƙarar ba, amma harshen da aka yanke hukunci da shi na maƙalar 1881 ne.

Sauran ra'ayoyinsa

Warfield bai dace da hoton da ake yi wa 'yan riƙau na bayansa ba. A 1911 ya rubuta cewa ba za a iya lissafa shekarun ɗan Adam a duniya daga jerin zuriyoyin littafin Farawa ba, domin jerin yakan tsallake tsararraki. Ya bar ƙofa a buɗe cewa Allah yana iya amfani da sauyawar halittu sannu a hankali a matsayin hanyar aikinsa, muddin ba a ce abin ya faru ba da nufin kowa ba. Masana suna saɓani a kan iyakar yardarsa da ra'ayin. A 1887 da 1888, shi ɗan kudu jikan masu bayi, ya rubuta maƙaloli biyu yana sukar wariyar launin fata a coci da cikin al'umma. Littafinsa na 1918, Counterfeit Miracles, ya ce baiwar yin mu'ujizai ta ƙare da zamanin manzanni, domin aikinta shi ne gaskata masu kawo wahayi, abin da ikilisiyoyin Fentikos ba su yarda da shi ba. Ya yi rubutu mai yawa a kan Augustine da Calvin da allahntakar Almasihu, ya kuma yi sharhin ɗaruruwan littattafai na Turanci da Jamusanci da Faransanci da Holanci. Bai taɓa rubuta cikakken littafin tauhidi nasa ba, na Charles Hodge ya ci gaba da koyarwa da shi.

Rasuwa

Ciwon zuciya ya buge shi a jajibirin Kirsimeti na 1920. Ya koma aji ranar 16 ga Fabrairu, 1921, ya ba da darasi, ya rasu a daren ranar yana da shekara 69. An binne shi a maƙabartar Princeton. Ɗalibai fiye da 2,700 ne suka bi ta ajinsa. Rasuwarsa ta zo tsakanin ta manyan malaman Holan biyu masu bin Calvin, Abraham Kuyper a Nuwamba 1920 da Herman Bavinck a Yuli 1921. Ƙaramin abokin aikinsa J. Gresham Machen ya rubuta wa mahaifiyarsa cewa ji ya yi kamar tsohuwar Princeton aka fitar tare da gawar. A 1929 aka sake fasalin hukumar makarantar, Machen da wasu malamai suka fice suka kafa Makarantar Tauhidi ta Westminster a Philadelphia.

Suka da tasiri

Tun yana raye ba dukkan masu ra'ayin riƙau ne suka bi shi ba. James Orr na Glasgow, wanda shi ne babban editan kundin da ya buga maƙalar 1915, ya yarda da hurewa amma yana ganin haɗari ne a rataya addini duka a kan rashin kuskure cikin kowane ƙaramin bayani. Karl Barth da mabiyansa daga baya sun ɗauki Nassi a matsayin shaidar mutane ga Kalmar Allah, wadda ita ce Almasihu, shaidar da ke iya yin kuskure amma Allah yana magana ta cikinta.

A 1970 masanin tarihi Ernest Sandeen ya ce akidar rashin kuskuren rubutun asali ƙirƙirar Princeton ce. Jack Rogers da Donald McKim sun faɗaɗa zargin a 1979, suna cewa malaman Princeton sun karanta Nassi da tabarau na falsafar Sikotland mai dogaro da hujjar zahiri, suka bar hanyar Calvin da ta jingina ga shaidar Ruhu a zuciya. Ana yawan nuni da cewa Charles Hodge kansa ya kwatanta 'yan saɓanin da ke Nassi da ɗigon yashi a jikin marmarar haikalin Parthenon, maganar da ta fi ta ɗalibinsa sassauci. John Woodbridge ya mayar da martani a 1982 da shaidu daga ƙarnoni da dama. Mafi shahara cikinsu wasiƙar Augustine ce zuwa ga Jerome a farkon ƙarni na 5, inda ya ce in ya ci karo da abin da ya yi kama da kuskure a Nassi, yakan ɗauka ko kwafin ya lalace, ko mai fassara ya kauce, ko shi ne bai gane ba. Haka kuma a 1893, shekarar da aka dakatar da Briggs, Fafaroma Leo na XIII ya fitar da wasiƙar Providentissimus Deus da ta kore kuskure daga hurarrun marubuta, kuma ba daga Princeton ya koyo ba. Shaidun sun nuna imanin ya girmi Warfield nesa ba kusa ba. Abin da yake nasa shi ne tsarin sharuɗɗa da iyakoki da ya gina masa don ya jure tambayoyin ƙarni na 19.

Kamfanin ɗab'i na Jami'ar Oxford ya tattara ayyukansa a juzu'i goma tsakanin 1927 da 1932, na farkonsu Revelation and Inspiration. A 1948 aka sake buga maƙalolinsa na hurewa da sunan The Inspiration and Authority of the Bible, da gabatarwar Cornelius Van Til, kuma ta wannan bugu ne yawancin ɗaliban tauhidi suka san shi. Ƙungiyar Evangelical Theological Society, da aka kafa a 1949, ta sa rashin kuskuren rubutun asali ya zama sharaɗin shiga cikinta. Sanarwar Chicago ta 1978 a kan rashin kuskuren Littafi Mai Tsarki ta bi sawunsa a kusan kowane babban batu: hurewar kalmomi, ƙin shifta, da keɓe hurewa ga rubutun asali. Fassarar Turanci ta New International Version, wadda ta cika a wannan shekara, ta fassara theopneustos da ma'anar da ya kare. A 2021 John C. Poirier ya wallafa littafi yana cewa a zamanin da aka rubuta wasiƙar, mai ba da rai kalmar take nufi, kuma maƙalar Warfield ta 1900 tana cikin manyan abubuwan da ya tsaya yana ƙalubalanta.